Allura, Ashana, Robar Mahaifa ko Kwaroron Roba: Wanne Ya Dace da Ke?

Mace takan zauna gaban ma'aikaciyar lafiya a jero mata hanyoyin tazarar haihuwa shida ko bakwai cikin 'yan mintoci, a ce ta zaɓa. Sau da yawa abin da ƙawarta take amfani da shi za ta ɗauka, ko ta kauce wa wanda ta ji an ce ya rikita wa wance jinin al'ada. Ba laifinta ba ne, ba a ba ta abin da za ta auna da shi ba. Akwai kuma maganar da ake yawan tsallakewa a irin wannan zama: hana ɗaukar ciki daban, kare kai daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa daban. Hanyoyin da suka fi ƙarfi wajen hana ciki, wato ashana (siririyar robar da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse) da robar mahaifa, ba sa tsinana komai idan ana maganar ciwon sanyi ko tunjere ko HIV. Kwaroron roba kuwa, wanda shi ne yake tare cuta, yana cikin masu saurin ba da kunya wajen hana ciki idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. Tambaya biyu ce a gabanki, kuma mai yiwuwa da amsa biyu za ki fita.

Abin da za a auna

Abu na farko shi ne ƙarfin hanyar a hannun mutane kamar yadda suke, da mantuwarsu da gajiyarsu da tafiye-tafiyensu. Alƙaluman da zan riƙa kawowa na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, kuma ma'anarsu ita ce: cikin mata 100 da suka yi shekara guda suna amfani da hanyar, nawa ne suka ɗauki ciki. Idan ba a amfani da komai, kusan 85 ne. Ki riƙe wannan adadi, da shi za ki gane darajar sauran.

Sai kariya daga cuta, sai daɗewar hanyar da kuma saurin dawowar haihuwa bayan an daina. Sai wahalar amfani: kullum za ki tuna, ko sau ɗaya a wata uku, ko kuwa an gama ke nan sai bayan shekaru? A hannunki abin yake, ko sai da haɗin kan abokin zama? Sai kuɗi, wanda ya kamata a lissafa shi a shekara, ba a ranar farko kaɗai ba.

Na bar illa a ƙarshe don ita ce ta fi yanke hukunci. A ganina yawancin matan da suke watsar da hanyar da suka fara ba don ta gaza hana ciki ba ne, don ta canza musu jinin al'ada ne ba tare da an gaya musu tun farko ba. Saboda haka ki tambayi kanki tun yanzu: wanne zan iya jurewa, jini ya ƙaru, ya riƙa ɗigowa ba lokaci, ko ya ɗauke gaba ɗaya? Amsarki kaɗai ta isa ta tsame hanya biyu ko uku daga jerin.

Kwaroron roba

Shi kaɗai yake aiki biyu. Idan ana sa shi daidai a kowace saduwa, mata 2 ne cikin 100 suke ɗaukar ciki a shekara. Yadda mutane suke amfani da shi a zahiri kuwa, 13 ne. Wannan tazara tsakanin 2 da 13 ba daga robar take ba, daga hannu take: yau an sa, gobe an ce sau ɗaya ba komai, jibi an sa shi sai da aka yi nisa.

Ga yadda daidai ɗin yake, kuma kai ɗan'uwa wannan naka ne. Ka duba ranar lalacewarsa a jikin leda. Ka yaga ledar daga gefe da yatsu, ba da haƙori ba. Ka matse ɗan kan da yatsu biyu iska ta fita, ka ɗora shi a kan mazakuta bayan ta miƙe, ka warware shi har gindi, kuma duk wannan kafin jiki ya haɗu da jiki. Idan ya ƙi warwaruwa to a juye ka ɗora shi, ka yar ka ɗauki sabo. Bayan an kawo, ka riƙe bakinsa ka janye tun mazakutar ba ta kwanta ba. Guda ɗaya, saduwa ɗaya. Haɗa biyu ba ya ƙara kariya, gogayya ce take jawo yagewa. Kada basilin ko man shafawa ko man jarirai ya taɓa shi, domin mai yana cinye robar cikin ɗan lokaci. Idan ana buƙatar santsi, akwai na musamman mai ruwa-ruwa da ake sayarwa don haka. Zafi ma yana kashe shi, saboda haka wanda ya yi watanni a aljihun baya ko cikin mota ba abin dogaro ba ne.

Ta fuskar cuta, yana tare waɗanda suke bin ruwan jiki sosai: HIV, ciwon sanyi, kilamidiya, tirikomonas. Waɗanda suke bin haɗuwar fata da fata, kamar tunjere da hapis mai fitar da ƙuraje da HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, yana rage su amma ba ya gamawa da su, tunda gyambon ko ƙurjin zai iya kasancewa inda robar ba ta rufe ba. Ba shi da illa sai ga 'yan tsiraru da jikinsu ba ya son robar latas, su ma akwai wanda ake yi da wani abu daban. Yana da arha, ba ya buƙatar likita. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: sai namiji ya yarda, kuma sai ya yarda kowane lokaci.

Akwai na mata, wanda ake sa shi cikin farji tun kafin saduwa, har da sa'o'i. Ya fi tsada, ya fi wuyar samu, yana son a saba da shi, kuma adadinsa 21 ne cikin 100. Amfaninsa shi ne yana hannun mace. Ba a haɗa shi da na maza a lokaci guda.

Ƙwaya

Iri biyu ce. Mai sinadarin homon biyu, estrojin da projestin, ita aka fi sani. Wadda ba ta fashi ba za ta kai 1 cikin 100 ba, amma a zahiri 7 ne, kuma mantuwa ce sanadi. Tana da alherin da sauran ba su da shi: tana daidaita al'ada, tana rage yawan jini da ciwon mara, tana kuma rage haɗarin sankarar ƙwan mace da ta cikin mahaifa. Da an daina sha haihuwa take dawowa.

Estrojin ɗin ne abin lura. Yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya kisa. Bai kamata waɗannan su sha ta ba: mai shan taba da ta kai shekara 35, mai hawan jini, wadda jini ya taɓa daskare mata ko ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai sankarar mama, mai ciwon ɓarin kai irin wanda ake ganin walƙiya ko duhu-duhu kafin ya sauko, da mai jego da take shayarwa a farkon watanni. Shi ya sa ban yarda da a sayi ƙwayar nan a fara sha ba tare da an auna jini ba. Awon minti biyu ne.

Ɗaya irin, mai projestin zalla, ta dace da mai shayarwa da yawancin waɗanda aka hana wa ta farkon. Sai dai tana da tsauri wajen lokaci: yawancinta idan aka wuce sa'a 3 daga lokacin da aka saba sha, an yi fashi ke nan. Kuma duka biyun, maganin tarin fuka na rifampisin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage musu ƙarfi. Duk likitan da zai rubuta miki magani, ki gaya masa kina kan ƙwaya.

Allura

Nan ne aka fi surutu, saboda haka bari in tsaya. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta wata uku, Depo-Provera, sai ta wata biyu, Noristerat. Akwai kuma Sayana Press, ƙaramar allura ta ƙarƙashin fata wadda a ƙasashe da dama ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida. Adadin allura 4 ne cikin 100, kuma galibi masu makara ne wajen komawa. Ta wata uku tana da ɗan sassauci, har mako 4 bayan ranar za a iya yi ba tare da kariyar ta yanke ba, amma kada a mayar da wannan al'ada.

Abin da yake jan mata gare ta a fili yake. Babu abin tunawa kullum, babu fakiti a jaka, babu abin da wani zai gani ko ya taɓa. Ba ta taɓa ruwan nono. Abin da yake korar su kuwa jini ne. Watannin farko yakan zo ba tsari, ɗigo yau, shiru gobe, wani lokaci ya ja kwanaki. Bayan shekara guda kusan rabin masu allurar wata uku al'adar takan ɗauke musu ɗungurungum. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Abin da ake zubarwa duk wata shimfiɗar cikin mahaifa ce da take kauri don jiran ciki, allurar kuwa ta hana ta kauri, saboda haka babu abin zubarwa. Wasu sukan ƙara ƙiba, kilo 1 zuwa 2 a shekara. Ƙashi yakan ɗan rage ƙwari yayin amfani, ya dawo bayan an daina.

Maganar cewa tana hana haihuwa har abada ba gaskiya ba ce, amma tana da tushe, kuma ya kamata a faɗe shi ƙarara: ita ce hanyar da haihuwa take jinkirin dawowa bayanta. A matsakaici mace takan yi kusan wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, wasu su haura shekara. Wadda take son ta ɗauki ciki nan da wata shida ba ta da dalilin yin allura. Kuma ba a zare ta. Idan ba ta karɓe ki ba, sai dai ki jira ta fita da kanta.

An daɗe ana fargabar ko allurar wata uku tana ƙara haɗarin kamuwa da HIV. Wani babban bincike mai suna ECHO, da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Zambiya da Eswatini kan mata kusan 7,800, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, ya gwada ta da ashana da robar mahaifa mai tagulla, bai samu wani bambanci na a zo a gani ba. Amma ya nuna wani abu da ya fi damuna: a dukkan rukunonin uku mata sun ci gaba da kamuwa da yawa, domin babu ɗaya cikin ukun da take tare cuta.

Ashana

Siririyar roba ce mai laushi, tsawonta kamar tsinken ashana. Ana yi miki allurar kashe zafi a cikin damtse, ta ɓangaren da yake kallon jiki, a tura ta ƙarƙashin fata, a manna filasta, cikin 'yan mintoci an gama, babu ɗinki. Idan kika shafa wurin da yatsa za ki ji ta kwance, amma ido ba ya cika ganinta. Implanon tsinke ɗaya ne, shekara 3. Jadelle tsinke biyu ne, shekara 5.

Babu hanyar wucin gadi da ta kai ta ƙarfi: kusan mace 1 cikin 1,000 a shekara. Ana iya sa ta daga haihuwa, mai shayarwa ma ba matsala, kuma ranar da aka cire haihuwa take fara dawowa. Idan aka raba kuɗinta a kan shekarun, tana cikin masu arha.

Matsalarta jinin da ba shi da tabbas. Wata ya ɗauke mata, wata ya ragu, wata kuma ya riƙa ɗigowa makonni, kuma babu mai iya gaya miki tun farko wacce za ki zama. Akwai magungunan da ake bayarwa su tsayar da shi na ɗan lokaci, saboda haka a koma asibiti kafin a yanke shawarar cirewa. Cirewar kuma sai gwani. Kafin ki miƙa hannu, ki tambaya: idan na so a cire kafin lokaci, wa zai cire, a ina, da nawa? Haƙƙinki ne a cire ranar da kika nema. Mai shan rifampisin ko maganin HIV na efabirenz ta sani ashana takan yi rauni a jikinta. Dolutegrabir, wani maganin HIV ɗin, ba ya wannan.

Robar mahaifa

'Yar ƙaramar roba ce mai siffar harafin T da ake zaunar da ita cikin mahaifa, da zare siriri da yake leƙowa ta bakin mahaifa don ranar cirewa. Mai tagulla ba ta da homon ko kaɗan, tana kaiwa shekara 10 zuwa 12, kuma ƙasa da mace 1 cikin 100 ce take ɗaukar ciki da ita. Duk wadda ta gaji da abin da homon yake yi mata, ko aka hana ta shi, nan ya kamata ta fara dubawa. Al'ada tana nan a lokacinta, sai dai takan ƙara yawa da ciwon mara, musamman wata 3 zuwa 6 na farko. Mai ƙarancin jini ko wadda dama al'adarta mai yawa ce ta yi tunani sau biyu.

Ga irin waɗannan ne mai homon ta dace, irin su Mirena. Ita rage jini take yi, har likitoci suna sa ta a matsayin maganin yawan zubar jini. Tana yin shekara 5 zuwa 8 gwargwadon irinta, amma ta fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba.

Sa ta yana da ciwo na ɗan lokaci, ga wasu mai tsanani, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wannan. Takan zame ta fito ga wasu 'yan kaɗan, galibi a watannin farko. Huda bangon mahaifa yayin sawa yana faruwa kusan sau 1 cikin 1,000. Ba ta tafiya zuciya ko ƙwaƙwalwa. Idan maigida yana jin zaren, ana rage masa tsawo. Babban abin kiyayewa shi ne kada a sa ta alhali akwai ciwon sanyi ko kilamidiya a bakin mahaifa, don kada a tura cutar ciki. A yi magani tukuna. Bayan haihuwa ana sa ta cikin sa'a 48, in ya wuce sai bayan mako 4.

Hanyoyin da ba magani

Shayarwa tana hana ciki da gaske, kusan 2 cikin 100, amma da sharaɗi uku a tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma ta nan kwanika take shigowa. Ƙidayar kwanaki tana aiki ga wadda zagayen al'adarta yake tsakanin kwana 26 da 32, a ƙaurace wa saduwa ko a sa roba daga rana ta 8 zuwa ta 19, adadinta 12. Zubarwa a waje 20 ne. Duka kyauta ne, ba su da illa, ba sa tare cuta, kuma biyun ƙarshe sun dogara kacokan ga haƙurin namiji.

Na dindindin

Ɗaure bututun ƙwai ga mace ba cire mahaifa ba ne, al'ada tana ci gaba. Ga namiji kuwa ana yanke 'yar hanyar da ƙwayoyin haihuwa suke bi, aikin da ya fi na mace sauƙi da ƙarancin haɗari, kuma ba ya taɓa sha'awa ko ƙarfin mazakuta ko fitar maniyyi. Sai bayan wata 3 yake fara aiki, a riƙe wata hanya kafin nan. Duka biyun a ɗauke su a matsayin babu dawowa.

Idan an riga an yi kuskure

Ƙwayar gaggawa mai lebonojestrel ta fi aiki cikin kwana 3, mai yulipristal har kwana 5, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfani. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Robar mahaifa mai tagulla idan aka sa ta cikin kwana 5 ta fi su duka ƙarfi. Wadda ta ga tana sayen ƙwayar gaggawa wata bayan wata, hanya mai ɗorewa take buƙata.

| Hanya | Ciki cikin mata 100 a shekara | Tare cuta | Daɗewa | Kuɗi | Babban ƙorafi |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwaroron roba na maza | 13 | E | Saduwa ɗaya | Kaɗan, amma kullum | Sai namiji ya yarda |
| Kwaroron roba na mata | 21 | E | Saduwa ɗaya | Ya fi na maza | Wuyar samu da sabo |
| Ƙwaya | 7 | A'a | Kullum | Kaɗan duk wata | Mantuwa |
| Allura | 4 | A'a | Wata 2 ko 3 | Matsakaici | Rikicewar jini, jinkirin haihuwa |
| Ashana | Ƙasa da 1 | A'a | Shekara 3 zuwa 5 | Da nauyi a farko | Ɗigon jini |
| Roba mai tagulla | Ƙasa da 1 | A'a | Shekara 10 zuwa 12 | Mafi arha a tsawon lokaci | Ƙaruwar jini |
| Roba mai homon | Ƙasa da 1 | A'a | Shekara 5 zuwa 8 | Mai tsada | Wuyar samu |
| Ƙidayar kwanaki | 12 | A'a | Duk wata | Babu | Kwanakin ƙauracewa |
| Zubarwa a waje | 20 | A'a | Saduwa ɗaya | Babu | Kuskuren lokaci |
| Aikin dindindin | Ƙasa da 1 | A'a | Har abada | Sau ɗaya | Babu dawowa |

Ɓangaren cuta

Ki dubi abin da ke ƙarƙashin "Tare cuta" a teburin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sabbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa, wato kilamidiya, ciwon sanyi, tunjere da tirikomonas, fiye da miliyan ɗaya ke nan a kowace rana. Yawancinsu ba sa nuna alama, musamman a jikin mace. Abin da yake ɓata min rai shi ne yadda ake jin tsoron allura da ashana wai suna hana haihuwa, alhali kilamidiya da ciwon sanyi da ba a yi maganinsu ba su ne suke hawa su toshe bututun ƙwai a ɓoye, sai bayan shekaru a zo ana neman haihuwa. Tunjere kuma yana kashe ɗa a ciki ko ya fito da shi da cuta, alhali allurar fenisilin ta isa ta hana.

Saboda haka gwaji shi ma hanya ce ta kariya. Mutum biyu da suka yi gwaji tare, sakamako ya yi kyau, kuma kowanne ya tsaya ga ɗayan, sun rufe ƙofar. A tuna cewa gwajin HIV na gaggawa yana iya ɗaukar har wata 3 bayan kamuwa kafin ya nuna, saboda haka a maimaita. Idan an samu cuta, mutum biyun za a yi wa magani lokaci guda, a dakata da saduwa na mako guda, in ba haka ba za a yi ta mayar wa juna. Kada a sayi kafso a sha da ka. Ciwon sanyi ya riga ya bijire wa magunguna da dama ta wannan hanya.

Ga HIV akwai ƙarin makamai. PrEP magani ne da wanda ba shi da cutar yake sha kullum, kuma idan ba a fashi yana rage haɗarin kamuwa ta saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. Akwai na allura: kabotegrabir duk wata 2, da lenakapabir sau biyu a shekara, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2025. PEP kuwa na bayan aukuwa ne, roba ta yage ko an yi wa mace fyaɗe: a fara cikin sa'a 72, a sha kwana 28. Mai ɗauke da HIV da yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Kaciyar namiji tana rage masa haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, ragi ne ba katanga ba. Duk waɗannan makaman HIV ne, ba a dogara da su wajen hana ciki ko tunjere. Sai rigakafi biyu: na ciwon hanta nau'in B, da na HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, wanda ya fi amfani ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Wa ya dace da me

Mai jego da take son ta huta: shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 daga haihuwa kafin wani ciki. Ashana ko robar mahaifa za su kai ki can ba tare da kin tuna da komai ba. Idan ba kya son a sa miki wani abu a jiki, allura ko ƙwaya mai projestin zalla, kuma ki fara kafin jariri ya cika wata 6.

Wadda take son jinkirin 'yan watanni kawai: ƙwaya ko kwaroron roba. Ki kauce wa allura.

Mai mantuwa, ko mai yawan tafiya, ko wadda asibiti ya yi mata nisa: ashana ko robar mahaifa, kada ki yaudari kanki da ƙwaya. Mai hawan jini ko ciwon ɓarin kai mai walƙiya ta bar duk abin da yake da estrojin. Idan hawan jinin mai tsanani ne, allura ma ba tata ba ce. Mai yawan jini da ciwon mara ta nemi roba mai homon, ko ƙwaya mai homon biyu idan awonta ya yi kyau. Wadda ba ta son al'adarta ta ɗauke ko ta rikice, kuma za ta iya jure ɗan ƙari, mai tagulla.

Wadda ba ta da tabbas a kan abokin zamanta, ko wanda yake da abokan hulɗa fiye da ɗaya, ko sabuwar alaƙar da ba a yi gwaji ba: hanya biyu a tare, kwaroron roba don cuta, wata hanya mai ƙarfi don ciki. Idan roba ba ta samun karɓuwa a wurinsa kuma kina tsoron HIV, ki nemi PrEP, ki riƙa gwajin sauran cututtukan a kai a kai ko da ba kya jin komai.

Ma'auratan da ɗaya yake da HIV: mai ita ya riƙe maganinsa, ɗayan ya hau PrEP har gwaji ya tabbatar ƙwayar ta daina bayyana, sannan a zaɓi hanyar tazarar da ba ta karo da maganin.

Waɗanda suka gama haihuwa kuma babu sauran kokwanto: aikin namiji ya fi sauƙi da aminci. Idan akwai ko ɗan kokwanto a zuciyar ɗayanku, roba mai tagulla za ta ba ku shekara 10 zuwa 12, kuma ana iya cire ta duk ranar da kuka sake shawara.